Sun Gina Coci Babu Ginshiƙi

Lahadi, 4 ga Yuni

Shekara ashirin da biyu ina jiran amsa. Wasiƙa bakwai na kai wa kwamitin coci, ni na rubuta, ni na miƙa hannu da hannu, ko "mun gani" babu wanda ya taɓa ce min. 'Yata ce ta sayo min wannan littafin. Wai na ishe su da labari ɗaya kullum a kan abinci, har yaranta sun haddace suna kwaikwayona a bayan gida, gara in gaya wa takarda. To takarda, ki saurara. Ban yi makaranta ba. Marigayiya uwar yara ce ta koya min baƙi a kan guntayen katako da fensir ɗin aiki, don haka in rubutun ya karkace ba laifina ba ne. Aikina dai bai taɓa karkacewa ba. Sai sau ɗaya.

Ni da ƙanena Auta muka yi bencunan cocinmu, guda talatin da biyu. Ni na riƙe hannunsa na koya masa jan zarto tun kansa bai kai teburin aiki ba. Ranar da aka sauke katakon, na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, na ji sautin ya mutu a ciki. Ɗanye ne. Na ce wa Fada, limamin cocinmu na wancan lokacin, a bar shi wata uku ya sha iska. Ya ce Bishop zai zo nan da sati biyar, kuma ranar Bishop ba ta matsawa. Mu uku ne a wurin, ni da Fada da Auta yana riƙe da tef ɗin awo. Na yi abin da aka ce. Kafin shekara ta zagayo ƙafar benci na uku ta tsage, ya zube da mutum shida ana tsakiyar wa'azi. Wata dattijuwa ta karye a ƙugu, da sanda ta ƙarasa rayuwarta.

Kwamiti ya zauna. Fada ya ce shi ba kafinta ba ne, me ya sani a kan katako. Na ce a tambayi Auta, ai yana wurin. Auta ya kalli takalminsa ya ce, "Ban tuna ba."

Ban tuna ba. Daga ranar aikin coci ya koma hannunsa, ni kuma aka laƙaba min Ɗanyen Katako. Har waɗanda ba a haifa ba a lokacin, da sunan suke kirana yau. Fadan ya mutu. Saura mu biyu.

Litinin, 5 ga Yuni

Na manta ban rubuta abin da ya tayar min da hankali jiya ba. Sabon Fada ya yi sanarwa bayan sujada, wai ginin da suke yi a filin baya ya kusa, ranar uku ga Satumba za mu koma can. Tsohon coci zai zama zauren taro da azuzuwa. Bencuna kuma za a rabar.

Akwai nawa a ciki. Bayan abin ya faru na sake ƙera bencin nan da busasshen katako, ba wanda ya sa ni, na ɗauko shi na ajiye a bayan babban ginshiƙin hagu, kusa da ƙaramar ƙofa. Daga nan ina ganin rabin bagade, teburin da Fada ke tsayawa, da kyandir ɗaya, da hannun Fada in ya ɗaga. Ba na ganin gaba ta dama inda Auta yake zama. Ina shiga ta ƙaramar ƙofa bayan waƙar farko, in fita kafin ta ƙarshe. Jiki Mai Tsarki kuwa, gurasar da Fada ke rabawa, na daina tashi karɓa tun lokacin, don ni ba munafuki ba ne, na san abin da ke cikina. Shekara ashirin da biyu rufi ɗaya, idonmu bai haɗu ba. Ginshiƙin nan ya fi mutane da yawa amana.

Alhamis, 15 ga Yuni

An kira taro mu ga mai zanen ginin. Ashe mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, da hular kwano a hammata da takalmi irin na maza. Ta kawo ɗan ginin na kwali ta ɗora a tebur. Kamar an kife tasa. Ta cire rufin, muka leƙa. Bagade a tsakiya, bencuna sun lanƙwashe sun kewaye shi. Ƙofa ɗaya, babba.

Na ɗaga hannu na ce ina ginshiƙai. Sai fuskarta ta washe kamar na yabi ɗanta. Ta ce babu ko ɗaya, bango ne ke ɗauke da rufin, da haƙarƙarin ƙarfe da ya haɗe a sama.

"Baba, a nan babu na gaba babu na baya," in ji ta. "Duk inda ka zauna za ka ga bagade, kuma za ka ga fuskar ɗan'uwanka."

Aka tafa. Na ce to wanda ya zo neman Allah, ba fuskar ɗan'uwansa ba fa, ina za a sa shi? Aka kwashe da dariya. Katikis, mai koya wa yara addini, ya ce Ɗanyen Katako ya fara. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni, amma ita ma ba ta amsa ba. Sun zama takwas ke nan da ba su amsa ba.

Asabar, 17 ga Yuni

Coci ne ko filin ƙwallo.

Laraba, 21 ga Yuni

Na je wurin Fada a kan bencina. Yaron kirki ne, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce Baba wannan ba hurumina ba ne, ka ga Mai Zane. Na same ta a bakin gini tana faɗa da masu walda. Ta bar su ta biyo ni har tsohon coci, ta auna bencin da kanta, ta shafa bayansa, ta durƙusa ta duba mahaɗar ƙafar. Ta ce wa ya yi wannan, babu ƙusa ko ɗaya. Na ce wani ne da ba a amsa masa wasiƙa.

Ta ce miƙaƙƙen benci ba zai zauna a cikin da'ira ba. In aka jingina tsakiyarsa, bakinsa biyu za su fito hanya, tsofaffi su yi tuntuɓe. Da ladabi ta faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Da ta yi min tsawa da na san abin da zan ce.

Lahadi, 2 ga Yuli

'Yata ta dawo daga kasuwa jiya tana ta zagaye-zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na ce faɗi. Ta ce ta haɗu da matar Auta. Na ce ban tambaye ki ba. Ta ce ta sani, amma sai ta faɗa. Ciwon da na ji an ce Auta yana yi tun watan Maris, ba zazzaɓi ba ne. Shanyewar ɓarin jiki ce. A keken marasa lafiya yake, kuma tun lokacin bai taka coci ba, don matakala bakwai ce a ƙofar, ba mai ɗaga shi.

Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da cin abincina.

Yau a coci na ɗan leƙa ta gefen ginshiƙi. Wata mata ce mai jan kallabi a wurinsa. Ashe wata huɗu ina ɓuya wa mutumin da ba ya nan.

Talata, 11 ga Yuli

Ba zuwa na yi ba, wucewa na zo yi. An sauke katakon bencuna da na bagade a gindin sabon gini, an jibge shi ɗaya kan ɗaya kamar buhuna, an rufe da leda. Leda! Hannuna ne ya yi, ba ni ba. Na ɗaga ledar na ƙwanƙwasa. Sautin nan dai. Na sa hanci a bakin yankan, na ɗaga guda ɗaya na ji nauyinsa. Sai na zauna a kan bulo.

Na yi niyyar in tafi abina. Su yi, ya tsage, su nemi wanda za su laƙaba wa suna. Har na kai bakin titi. Sai na tuna sandar dattijuwar nan, yadda take bugun siminti in za ta shiga coci, ƙwas, ƙwas, shekara tara ina jin ta daga bayan ginshiƙi.

Na koma na ce wa Mai Zane katakonki ɗanye ne. Ɗan kwangila yana wurin, ya ce tsoho ka san wa ya kawo wannan kayan kuwa, da takardar shaida ya zo. Na ce takarda ba ta bushe katako. Ita kuwa ta je mota ta ɗauko wata 'yar na'ura mai haƙora biyu, ta caka a jikin katakon, ta duba lamba. Ta caka a wani. Ta caka a na uku. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, da me ka auna?"

Na nuna mata bayan yatsana.

Juma'a, 14 ga Yuli

An ce kwamiti ya yi zafi jiya. Katikis ne ya ba ni labari, shi da ba ya iya riƙe magana. Wai Mai Zane ta ce ba za a sa zarto a katakon nan ba sai ya bushe, ko da sati shida ne. Shugaban kwamiti ya ce an riga an buga katin gayyata, an gaya wa Bishop. Ta ce to a sake gaya masa. Fada ya fita waje da waya, bai yi minti goma ba ya dawo ya ce an mayar da ranar sha biyar ga Oktoba.

Minti goma.

Ashe tana matsawa. Ashe ranar Bishop tana matsawa, magana ce kawai ta minti goma. Na zauna a tsakar gida har rana ta juya ban iya tashi ba. 'Yata ta ce Baba ai kamata ya yi ka yi murna, gaskiyarka ta fito. Wace gaskiya? Wannan katakon daban, wancan daban. Ba wanda ya tashi a taron ya ce ashe mutumin nan ya san abin da yake faɗa tun wancan karon. Rabinsu ma ba su san akwai wancan karon ba. Sunan kawai suka gada.

Litinin, 24 ga Yuli

Mai Zane ta aiko a kira ni in nuna musu yadda ake jera katako ya sha iska. Na je ne don kada su ɓata. A ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi, a rufe sama a bar gefe a buɗe, a juya shi duk bayan kwana bakwai. Abin da kowane kafinta ya sani kafin a zo da na'ura mai haƙora.

Da muka zauna hutawa ta tambaye ni dalilin sunan. Na gaya mata duka, daga saukar katako har takalmin Auta. Ba ta katse ni ba, ba ta duba waya ba. Da na gama ta ce, "Na yarda da kai, Baba."

Na ce yardarki ba ta da amfani a wurina, 'yar nan. Ba kya wurin. Wanda yake wurin shi zai faɗa.

Ta ce ina yake. Na ce yana gidansa.

Lahadi, 13 ga Agusta

Matar Auta ta tare ni a ƙaramar ƙofa. Ta san lokacin fitata, kowa ya sani. Ta rusuna ta ce Yaya ina kwana, na amsa, don ita ba ta yi min komai ba. Ta ce yana yawan kallon ƙofa. Na ce in yana da magana ya san hanyar gidana, shekara ashirin da biyu gidan bai tashi ba. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta fasa, ta goge ido da bakin mayafi. Na wuce.

Alhamis, 7 ga Satumba

Katako ya bushe. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙararrawa. Ita ma ta caka na'urarta don kada a ce ba ta yi aiki ba.

Na ce yaya za a yi bencuna masu zagaye, itace ba ya lanƙwasa, ta ce ba za a lanƙwasa shi ba. Gajeru suke yankawa, kowane da ɗan karkacensa a baki, a haɗa da gam da turaku, in ka ja baya ka duba sai ka ga ya zagaye. Dabara ce. Ban ce mata ta yi kyau ba.

Talata, 26 ga Satumba

Yau na shiga ciki sosai. Zan rubuta abin da na gani, ba yabo ba ne.

Babu matakala ko ɗaya, daga titi har bagade ƙasa ce ke ɗan gangarawa, ba ka ma ji. Da shigarka wurin baftisma ne, wani dutse da aka fafe, ruwa a ciki, dole ka ratsa ta gefensa. Mai Zane ta ce don kowa ya tuna ta inda ya shigo. Babu taga a bango inda mutum zai riƙa kallon waje. Tagogin suna can sama, sun kewaye rufin kamar zobe, hasken yana saukowa a kan kowa daidai. Na zagaya ina neman lungu mai duhu, ko ɗan inuwa. Babu. Ta hana duhu wurin zama.

Ta ce in tsaya a jikin bango, ita ta je tsakiya ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Baba, kana ji na?" Kamar a kunnena. Na ce wannan coci ko tari mutum ba zai ɓoye ba. Ta yi dariya ta ce haka ake so, waƙar mutum ɗari uku ta zama murya ɗaya. Na ce ba ki ji muryar Katikis ba ne.

A layi na biyu, dama da ƙofa, na ga an yanke benci an bar gurbi. Na ce an yi kuskure a nan. Ta ce ba kuskure ba ne, wurin masu keke ne, ba ta son a ajiye su a baya kamar kaya, a cikin mutane za su zauna. Na san keken wa zai fara shiga wurin.

Asabar, 30 ga Satumba

An kwashe tsofaffin bencuna. Na ɗauko mai kura ya kawo min nawa gida. Yana tsakar gida ƙarƙashin rumfa, jikoki suna hawa suna sauka. Kafin in fito na dafa ginshiƙin nan. Ba wanda ya gani.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na yi dabara. Na shiga ana shara, na tsaya a gurbin keken nan na fara taku. Na auna ta dama, na auna ta hagu, na nemo wurin da ya fi ko'ina nisa da shi a duk ginin. Taku talatin da ɗaya. Layi na biyu, bayan bagade ta wancan ɓangaren. Na ɗan yi alama da fensir a ƙarƙashin bencin. Su da karatunsu, ni da ƙafata.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Shekara hamsin ina aikin awo. Ban san yadda aka yi ban gani ba.

A da'ira, wurin da ya fi nisa shi ne wanda yake kallonka ido cikin ido.

Na zo da wuri, na zauna a kan alamata. Aka cika. Bishop ya shigo, aka yi ta yayyafa ruwa, aka shafe bagade da mai, turare ya tashi. Da hayaƙin ya washe sai ga shi. Tsakanina da shi babu komai sai teburin bagade, shi kuma bai kai ƙirjin mutum ba.

Ban gane shi ba da farko. Auta da ke ɗaukar ƙofa guda a kafaɗa ɗaya. An sa masa riga ta yi masa yawa, wuyansa kamar na ɗan tsako. Bakin ya ja gefe. Matarsa tana goge masa haɓa da hankici. Hannun dama, wanda na riƙe na ɗora a kan zarto, ya dunƙule ya bushe, kuma ba ya zama a kan hannun keken, sai ya zame ya faɗi yana lilo. Ta ɗaga ta mayar. Ya zame. Ta mayar. Sau goma sha ɗaya na ƙirga.

Shi kuwa ni yake kallo. Tun daga farko har ƙarshe. Na kalli rufi, na kalli Bishop, na kalli takalmina, ni ma yau na san yadda ake kallon takalmi. Duk inda na kai ido sai ya dawo. Ba ginshiƙi, ba ƙaramar ƙofa. In zan fita sai na ratsa gaban mutum ɗari uku na bi ta gefen kekensa.

Da Fada ya ce a ba juna salama, kowa ya juya yana miƙa hannu. Auta ya ɗaga hannun hagu, da ƙyar, ya kai kan bencin da ke gefensa. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sau biyu, yadda na koya masa. Ginin nan da ba ya ɓoye sauti ya kawo min har kunne.

Na zauna har kowa ya watse.

Litinin, 16 ga Oktoba

Ba ya magana. Abin da matarsa ta so gaya min ke nan a bakin ƙofa. 'Yata ta ce tun Maris kalma ɗaya ba ta fito ba, likita ya ce kada a sa rai. Ta ce ta so faɗa min tun tuni, ni ne ba na bari a ƙarasa zance.

Laraba, 18 ga Oktoba

Shekara ashirin da biyu yana da baki bai faɗa ba. Yanzu ko yana so.

To ni wa zan tambaya?

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na ce ba zan je ba. Na je. Wuri ɗaya, don wata ta riga ta ce nan ne wurin Baba, aka matsa min. Sau goma sha huɗu hannun ya zame yau. Wanda ya ƙera keken nan bai taɓa ganin hannun mutum ba, ɗan siririn ƙarfe ne da roba, me zai riƙe? Katako ake so mai faɗi, a ɗan fafe tsakiyarsa, a yi masa baki a gefe. Aikin awa uku. Duk cocin nan ba mai ido ne?

Mai Zane ta zo sujada, ta tambaye ni yaya na ga ginin. Na ce kin cuce ni. Ta ɗauka wasa nake.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na duba duk shagon babu busasshen katako mai faɗin da nake so. Guda ɗaya ne a gidan nan wanda na tabbatar da shi.

'Yata ta fito ta same ni da zarto a kan bencin. Ta dafe ƙirji ta ce Baba lafiya, bencin da ko kofi ba ka bari a ɗora? Na ce ya yi tsawo ne, yana tare hanya. Taku ɗaya da rabi kawai na yanka daga baki. Na fafe, na bi da sanfefa har sai da ya yi santsi kamar tafin jariri. Ba don shi na yi ba. Ba na iya ganin aikin banza ne a gabana kowane sati.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na kai. Matarsa ta buɗe ƙofa ta tsaya kamar ta ga fatalwa, sannan ta ce Yaya shigo, ta ruga ɗauko ruwa. Falon yana warin magani. Teburin da ke tsakiya aikinsa ne, na duba mahaɗar, irin tawa ce.

Ban gaishe shi ba. Na durƙusa na ɗora katakon a hannun keken, na ɗaure ta ƙasa, na ɗauki hannun na ɗora. Ba nauyi ko kaɗan. Ya zauna daram.

Tunda na zo, na ce bari in yi. Na ce, "Auta, ranar da aka sauke katakon nan, kana riƙe da tef. Me na ce wa Fada?"

Bakinsa ya yi ta motsi. Jijiyar wuyansa ta tashi. Wani sauti ya fito, ba kalma ba ce, kamar ƙofar da ta kumbura. Ya sake gwadawa. Hawaye ya bi ta ɓarin da ya mutu. Na ce to gyaɗa kai, ko ka girgiza. Kan nasa rawa yake yi da kansa dama, ba ka sanin wanne ne wanne. Na miƙa masa fensir ɗina a hannun hagu, ya zana wani abu kamar tafiyar tsutsa, fensir ɗin ya faɗi.

Matarsa daga bakin ƙofa ta ce ita ta san yana nadama, ta sha jin yana juyi. Na ce ke ma ba kya wurin.

Na ɗauki fensir ɗina. Da zan tashi ya riƙe bakin rigata da hannun hagun. Ban san minti nawa ba. Ruwan da ta kawo dai na sha.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na canza wuri. Na yi tunani ne irin na awo, wannan karon da kyau. A duk ginin nan wuri ɗaya ne tak da mutum ba zai ga fuskar Auta ba, shi ne gefensa. Don haka na zauna a bakin bencin da ke jikin gurbin keken, ta dama. Daga nan bagade nake gani, da mutanen tsallake. Shi ke nan dalili. 'Yata tana ta murmushi daga can, zan yi maganinta a gida.

Hannun bai zame ba ko sau ɗaya. Hankicin ne ya faɗi, matarsa tana cikin mawaƙa yau, to wa zai ɗauka. Da aka zo karɓar Jiki Mai Tsarki babu mai tura shi, na tura shi zuwa gaba, ƙasar ma ita ke gangarawa, ba wani aiki na yi ba. Fada ya ba shi, ya juyo gare ni ya ɗan tsaya. Na girgiza kai. Ba yau ba.

Kada takarda ta ɗauka na bar maganar. Ban bari ba. Na rubuta wasiƙa ta takwas, tana aljihuna, gobe zan kai. Na ce musu Fadan ya mutu, ƙanena ba baki, saura ni kaɗai na san abin da aka faɗa a gindin katakon nan, kuma ni ba a karɓar shaidata. Sun gina wuri wai kowa ya ga ɗan'uwansa, to na gani, ga shi nan a gefena yana numfashi da ƙyar, rigata a hannunsa. Yanzu in yi yaya da shekara ashirin da biyu? Kwamiti ne, ko Fada, ko Shi wanda aka gina wa ɗakin, ban damu ko wane ne ba. Ina nan layi na biyu, dama da ƙofa, ba abin da ya kare ni. Wani ya buɗe baki ya amsa min.